Mary Cassatt da fuskokin da ke bayan zaure

Jama'a, sashen koyar da zane na ABU Samaru ya yi suna tun kafin a sa wa jami'ar suna. A Zariya ne su Uche Okeke, Yusuf Grillo, Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suka ce dabarar Bature za su ɗauka amma abin gida za su zana. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, har yau ban ga 'ya'yanmu mata na cikin ganuwa sun rungumi wannan fanni yadda ya kamata ba, alhali akwai aikin da babu mai iya yinsa sai su.

Wata Ba'amurkiya ce ta sa nake faɗin haka, Mary Cassatt. An haife ta a 1844 a jihar Pennsylvania, gidan masu hali. Ta tafi Faris a 1866 don koyon zane, ta tarar babbar makarantar zanen birnin ba ta ɗaukar mata. Sai ta nemi malami na kanta, Gérôme, tana kuma zuwa gidan tarihi na Louvre tana kwaikwayon aikin magabata. Akwai lokacin da mahaifinta ya yarda ya ɗauki nauyin ci da shanta amma ya ƙi sayen fenti. Ba ta fasa ba. A Faransa ta ƙare rayuwarta, ta rasu a 1926, bayan yanar ido ta raba ta da aiki tun wajen 1914.

Wani mai zane ɗan Faransa, Degas, shi ne ya jawo ta cikin rukuninsu na masu sabon salon zane da ake kira Impressionists, ta fara baje kolin aikinta tare da su a 1879. Mazan rukunin suna yawo mashaya da gidajen rawa suna zana abin da suka gani. 'Yar mutunci irinta ba ta da hanyar shiga can. To, sai ta juya ga inda ita ke da iko: ɗakunan mata, 'yar'uwarta Lydia tana saƙa, mahaifiyarta tana karanta jarida, uwa da ɗanta.

Ku nemi zanenta na 1893 na wankan yarinya, wanda ke Shikago yanzu. Mace ce zaune da riga mai ratsi-ratsi, yarinya a cinyarta. Hannu ɗaya ya zagaye ƙugun yarinyar, ɗayan yana cikin kwano yana wanke mata ƙafa. Dukansu sun sunkuyar da kai ga ruwan, babu mai kallonka. Babu murmushin ɗaukar hoto, babu kwalliya. Abin da ya fi taɓa ni hannun nan ne, hannun aiki ne mai ƙarfi, irin na duk wata uwa da na sani. Ita Cassatt ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba, amma ta zauna ta kalla har ta gane yadda uwa ke riƙe ɗa.

Yanzu ku dubo gidajenmu na Ƙofar Doka, Tudun Wada ko Kwarbai. Namiji baƙo iyakarsa zaure. Wankan jego, kitso a gindin bishiya, lallen amarya, kaka tana kaɗi da mazari, duk a tsakar gida ake yi. Wa zai zana fuskar tsohuwar nan kafin ta tafi? Hoton waya na ranar biki ba ya kama ta, don ranar kowa ya gyara fuska.

Na san maganar da za a yi, hukuncin zana mai rai. Ba na raina ta, kuma malamai ne masu ita. Wanda ya tsaya a kan hani, ina girmama shi. Amma da yawa daga iyayen da ke hana yarinya, ba fatawa ce ta hana su ba, tsoro ne kada a ce 'yarsu ta karanta abin da ba ya kawo abinci.

Nan ma Cassatt ta yi wani abu. Ita ta riƙa ba ƙawarta Louisine Havemeyer shawarar zanen da za ta saya, tarin da daga baya ya shiga gidan tarihi na Metropolitan a New York. Masu zane sun ci abinci saboda mace mai kuɗi ta buɗe jaka. Hajiyoyinmu da ke iya haɗa lefe akwati goma sha biyu, ku kira ɗalibar Samaru ta zauna da Inna kwana uku ta zana ta, ku biya ta kuɗin kirki ba tare da ciniki ba.