Shirun shekara 3 da ke raba jikokin Sifaniya da ƙasar kakanninsu

A ɗauki misalin wata yarinya da aka haifa a birnin Rosario na ƙasar Ajantina. Kakanta ya baro yankin Galisiya na Sifaniya ta jirgin ruwa yana saurayi, mahaifinta kuma a Ajantina aka haife shi, amma ya riƙe shaidar zama ɗan Sifaniya da ya gada, har ya yi wa 'yarsa rajista a ƙaramin ofishin jakadanci tun tana cikin zanen goyo. Tana da shekara 17 aka sabunta mata fasfo, aka buga mata wa'adin shekara 5 kamar yadda ake yi wa duk wanda ke tsakanin shekara 5 da 30. Da ta cika 22 ta koma domin a sake sabunta shi, sai jami'in da ke kan teburi ya shaida mata cewa ai tun ranar da ta cika 21 ta daina zama 'yar Sifaniya. Ba ta aikata laifi ba, ba ta sa hannu a wata takardar barin ƙasa ba, ba ta kuma nemi zama 'yar wata ƙasa ta uku ba. Abin da ya same ta shi ne ta yi shiru a lokacin da doka ke jiran ta yi magana, alhali babu wanda ya gaya mata ana jiranta.

Tushen wannan lamari yana cikin sashe na 24, sakin layi na 3, na kundin dokokin mu'amalar jama'a na Sifaniya, wanda suke kira Código Civil. Dokar gyara mai lamba 36 ta shekarar 2002 ce ta shigo da shi, ya kuma fara aiki a ranar 9 ga Janairun 2003. Abin da ya tanada shi ne, duk wanda aka haifa a waje kuma yake zaune a waje, wanda ya samu zama ɗan Sifaniya ta hanyar uba ko uwa da su ma a waje aka haife su, idan ƙasar da yake zaune ta ɗauke shi a matsayin ɗanta, to zai rasa matsayinsa na ɗan Sifaniya matuƙar bai je gaban jami'in rajista ya furta cewa yana son ci gaba da riƙe shi ba cikin shekara 3 daga ranar da ya kai shekarun girma. Shekarun girma a dokar ƙasar 18 ne, don haka ƙofar takan buɗe a 18 ta rufe a 21.

Akwai ruɗanin da ya kamata a warware a nan, domin iyaye da yawa suna cakuɗa abubuwa biyu. Ɗan wanda ya yi ƙaura da ƙafarsa, wato wanda aka haifi ubansa ko uwarsa a cikin Sifaniya, wannan sakin layi bai hau kansa ba. Abin da zai iya shafarsa shi ne sakin layi na 1 na sashen, wanda ya yi magana a kan wanda ya nemi zama ɗan wata ƙasa da son ransa, ko kuma ya dogara kacokan ga shaidarsa ta ɗaya ƙasar har tsawon shekara 3 bayan ya girma. A wannan sakin layi doka ta yi sassauci ga wanda ya karɓi zama ɗan wata ƙasa daga cikin ƙasashen Latin Amurka masu alaƙar tarihi da Sifaniya, da Andorra, da Filifin, da Ikwatoriyal Gini, da Fotugal, sannan Faransa ta shiga sahun ta hanyar yarjejeniyar zama ɗan ƙasa biyu da aka sa wa hannu a garin Montauban na Faransa a 2021, wadda ta fara aiki a Afrilun 2022. Sai dai wannan sassauci bai kai kan jika ba. Sakin layi na 3 ya ce za a rasa matsayin ko ta wane hali, don haka bai raba Ajantina da Ostareliya ba. Iyalai da dama a Buenos Aires ko Bogota sun saki jiki da tunanin cewa yarjejeniyar zama ɗan ƙasa biyu ta kare 'ya'yansu, kuma daga wannan sakin jikin ne asarar take shigowa.

Mutanen da abin ya shafa ba kaɗan ba ne. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta Sifaniya sun nuna cewa a farkon 2025 'yan ƙasar da ke zaune a waje sun haura miliyan 3, Ajantina kaɗai tana da kimanin rabin miliyan, kuma waɗanda aka haifa a cikin Sifaniya daga cikinsu ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Mafi yawansu zuriya ce ta miliyoyin da suka tsallaka teku zuwa nahiyar Amurka tsakanin 1880 da 1930, da waɗanda yaƙin basasar 1936 zuwa 1939 ya kora zuwa Faransa da Meziko, da ma'aikatan da suka tafi neman abinci a masana'antun Jamus da Faransa da Suwizalan a shekarun 1960.

Ban ga laifin ƙasa ba idan ta ce zama ɗanta ba gado ba ne da za a yi ta miƙawa har tattaɓa-kunne ba tare da wata alaƙa ta zahiri ba. Hujjar masu kare dokar tana da nauyi. Fasfon Sifaniya mabuɗi ne na zama da aiki a ƙasashe 27 na Tarayyar Turai, mai riƙe da shi yana da ƙuri'a a babban zaɓen ƙasar ko da bai taɓa taka ta ba, kuma ofishin jakadanci na da nauyin kula da shi idan ya shiga matsala. Ƙasar da ta ɗauki wannan nauyi tana da haƙƙin tambayar matashi ko yana so. Abin da aka nema ma bai taka kara ya karya ba: ba a ce ya dawo ya zauna ba, ba a yi masa jarrabawar harshe ba, ba a ce ya saki ɗaya ƙasar ba. Furuci ɗaya ne a gaban jami'i.

Inda nake ja da tsarin shi ne yadda aka ɗauki shiru a matsayin amsa ba tare da an tabbatar an yi tambayar ba. Gaskiya ne Bahaushe na cewa shiru ma magana ce, amma wannan ga wanda ya ji abin da aka faɗa ne. Sakin layin bai ɗora wa ofishin jakadanci wajibcin aika wa matashi sanarwa ba, duk da cewa sunansa da ranar haihuwarsa da adireshinsa suna cikin rajistar ofishin, kuma da wannan adireshin ne ake aika masa takardun zaɓe da zarar ya cika 18. Hukumar da ta san inda za ta same shi domin ƙuri'a ba za ta ce ba ta san inda za ta same shi domin gargaɗi ba. Abin da ya fi muni kuma shi ne fasfon kansa yana yaudarar mai shi. Wanda aka sabunta wa a shekara 17 yana riƙe da littafi mai hatimin gwamnati da ke nuna yana aiki har ya kai 22, wato babu abin da zai sa ya taka ofishin jakadanci a tsawon shekara 3 ɗin da ake ƙirga masa. Hannu ɗaya na gwamnati ya ba shi takardar da ke ce masa kwantar da hankalinka, ɗaya hannun kuma yana lissafa masa kwanaki.

Kotun Ƙolin Sifaniya ta hango wani ɓangare na wannan rashin adalci. A hukuncinta mai lamba 696 na ranar 19 ga Disamban 2019, a kan ƙarar wata mata da aka haifa a Kolombiya, kotun ta ce neman sabunta fasfo a ƙaramin ofishin jakadanci a cikin waɗannan shekaru 3 ya wadatar a matsayin furucin son riƙe zama ɗan ƙasa. Dalilinta mai sauƙi ne. Doka ba ta ƙayyade wata siga ta musamman da za a yi furucin ba, kuma ofishin da ke ba da fasfo shi ne dai ke riƙe da rajistar, saboda haka ba zai yiwu a ce wanda ya je da ƙafarsa ya nemi takardar da 'yan ƙasa kaɗai ake bai wa bai nuna yana son zama ɗan ƙasa ba. Kafin wannan hukunci, hukumar kula da rajista takan tsaya kan cewa sai an yi furucin a fili, ta yadda mutum zai iya karɓar fasfo a wannan taga yana da shekara 19, sannan a soke shi a waccan taga yana da 24.

Hukuncin ya kyautu, amma ya mayar da makomar mutum abin sa'a. 'Yan'uwa biyu uwa ɗaya uba ɗaya, a gida ɗaya suka tashi, babu wanda ya taɓa jin labarin sashe na 24 a cikinsu. Fasfon ɗaya ya ƙare yana da shekara 19, ya je ya sabunta, ya tsira ba tare da ya san ya tsallake komai ba. Na ɗayan an sabunta shi yana da 17, lokacin da doka ke kallonsa a matsayin yaro wanda neman da aka yi masa ba ya shiga lissafi, sai ya faɗa. Ba ƙaunar ƙasa ce ta raba su ba, ba kuma zurfin alaƙa da ita ba, ranar da ke rubuce a shafin fasfo ce kawai.

Kotun Tarayyar Turai da ke Luksambok ta riga ta nuna hanya a shari'o'i biyu masu kama da wannan. A Maris ɗin 2019, a shari'ar da aka sani da sunan Tjebbes a kan dokar Holan, ta amince cewa ƙasa na iya janye shaidar zama ɗanta daga wanda alaƙarsa da ita ta yanke, amma dole a bar ƙofar duba halin kowane mutum shi kaɗai, domin rasa shaidar na nufin rasa matsayin ɗan Tarayyar Turai gaba ɗaya. A ranar 5 ga Satumban 2023 kuma, a kan dokar Denmark da ke raba waɗanda aka haifa a waje da ƙasar idan sun cika 22, kotun ta ƙara da cewa wa'adin neman a duba lamarin mutum ba zai fara gudana ba sai hukuma ta sanar da shi yadda ya kamata cewa ya rasa matsayinsa ko yana dab da rasawa, da kuma haƙƙin da yake da shi na neman gyara. Waɗannan hukunce-hukunce ba a kan Sifaniya aka yanke su ba, amma a ganina duk wanda ya karanta na biyun zai yi wuya ya ce sakin layi na 3 zai tsallake irin wannan ma'auni a yadda yake yanzu. Shi kansa kundin tsarin mulkin Sifaniya na 1978, a sashe na 11, ya ce ba za a ƙwace wa ɗan ƙasa na asali matsayinsa ba. Lauyoyi suna bambanta ƙwacewa da rasawa, kuma a kan takarda bambancin na nan, sai dai matashin da aka mayar wa fasfonsa a soke ba zai gane shi ba.

Komawa ciki bayan an faɗo ma ba abu ne mai sauƙi ba. Sashe na 26 ya sa sharaɗin zama a Sifaniya bisa ƙa'ida kafin a mayar wa mutum matsayinsa, ya ɗauke wannan sharaɗi ga wanda ya yi ƙaura da kuma 'ya'yansa, amma bai ambaci jika ba, sai dai idan ministan shari'a ya ga wani dalili na musamman ya yafe masa. Ke nan wanda ya tashi yana ɗan ƙasa sai ya nemi izinin zama kamar kowane baƙo kafin ya roƙi a dawo masa da abin da ya riƙe shekara 21.

Wannan batu ya shafi wasu daga cikin namu, ko da yake ba kasafai ake lura ba. Ɗan Najeriya ko Gana ko Nijar da ya yi shekaru a Sifaniya har ya zama ɗan ƙasa, a idon wannan sakin layi shi ɗan Sifaniya ne da aka haifa a waje. Idan daga baya ya koma gida ko ya wuce Ingila, ya haifi ɗa a can, kuma ƙasar da yaron ke zaune ta ɗauke shi ɗanta, to ba sai an kai ga jika ba, ɗan nasa na cikinsa ne wa'adin 18 zuwa 21 zai hau kansa.

Gyaran da ake buƙata bai kai soke dokar ba. Majalisa na iya rubuta hukuncin 2019 a cikin sashen, ta faɗaɗa shi ya haɗa da duk wani aiki da ɗan ƙasa kaɗai ke yi, kamar jefa ƙuri'a. Tana iya wajabta wa ofisoshin jakadanci su aika sanarwa a rubuce da zarar matashi ya cika 18, a kuma ce wa'adin ba zai fara ba sai sanarwar ta isa. Mafi arha duka, fasfon da aka bai wa ɗan shekara 16 ko 17 da wannan sakin layi ya shafa ya zo da gargaɗi a jikinsa, ko a tsara wa'adinsa ya ƙare kafin ranar cikarsa 21. Sifaniya ta taɓa gyara irin wannan kuskure: tsarin da ya tilasta wa mazauna waje su roƙi takardar zaɓe kafin a aika musu, wanda aka kawo a 2011, ya durƙusar da yawan masu jefa ƙuri'a daga ƙetare, har aka soke shi a 2022.

Gaggawar gyaran ta ƙaru saboda dokar da jama'a ke kira dokar jikoki, mai lamba 20 ta 2022, wadda ta buɗe wa zuriyar 'yan gudun hijira da masu ƙaura ƙofar neman zama 'yan ƙasa har zuwa Oktoban 2025, mutane sama da miliyan suka yi tururuwa zuwa ofisoshin jakadanci, musamman a Ajantina da Kyuba. Sharaɗin shiga wannan ƙofa ga mafi yawansu shi ne a waje aka haife su, don haka 'ya'yan da za su haifa daga yanzu a Havana, babban birnin Kyuba, ko Buenos Aires sun faɗa ƙarƙashin sakin layi na 3 tun ranar suna. Jaririn da aka haifa a 2024 ga uban da ya karɓi takardarsa a 2023 zai cika 18 a 2042, wa'adinsa kuma ya rufe a 2045, a lokacin da iyayen da suka sha layi a bakin ofishin jakadanci za su ɗauka sun daɗe da gama aikin.