Ranar da firinta ta karɓi ofishin albashi

A kamfanin da nake aiki a Kano, inda muke sarin kayan masarufi muna rarraba wa ƙananan 'yan kasuwa, akwai wasu na'urori biyu da ba wanda ya san amfaninsu sai ni. Ɗaya tana bene, ƙarƙashin teburina. Ɗayar tana ƙasa, a wani lungu na sito, bayan katan-katan na taliya. Ba su da allo, ba a buga wasiƙa da su, sai 'yar fitila mai ƙiftawa da fanka mai gurnani. Duk lokacin da aka zo ƙirgen kaya, Alhaji mai kamfanin sai ya nuna ta ƙasan da baki ya ce, "Injiniya, wannan har yanzu tana nan tana shan wuta a banza?"

Aikinsu kuwa nuna hanya ne. Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Idan ma'aikaci ya rubuta sunan manhajar albashi, kwamfutarsa za ta tambayi ɗaya daga cikin na'urorin nan, a ba ta lamba irin 192.168.1.20, sannan ta nufi can. Kamar dattijon nan ne na bakin layi da baƙo ke tambaya ina ne gidan wane. Shi ake kira DNS, kuma tun 1983 Paul Mockapetris ya tsara shi a Amurka. Kafin nan fayil guda ne mai suna HOSTS.TXT ake ajiyewa a wata cibiyar bincike a Kalifoniya, kowa ya je ya kwafo, har na'urori suka yi yawan da abin ya gagara.

Hikimar ajiye biyu ita ce in ɗaya ta kwanta ɗaya ta ci gaba. Na sha yi wa Alhaji wannan bayani bai shiga ba, sai ranar 4 ga Oktoba 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace kusan awa shida. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ka ga manyan duniya ma da masu nuna hanyarsu suka ɓace daga intanet, ba wanda ya iya gano ƙofar gidansu." A ranar bai samu odar kwastoma ko ɗaya ta waya ba, don haka ya gyaɗa kai. Bayan mako biyu ya manta.

To, yadda biyun ke zama da juna shi ne tushen rigimar. Ta bene ita ce babba, a wurinta ake rubuta sunaye da lambobi. Ta ƙasa kwafa kawai take yi. Lokaci zuwa lokaci sai ta leƙo ta duba wata lamba da ke saman fayil, lambar siriyal. In ta babba ta fi tata girma, ta san an yi gyara, sai ta kwashe sabon. In ba ta fi ba, ta koma ta yi zamanta. Al'adar masu aikin ita ce a rubuta lambar da kwanan wata: shekara, wata, rana, sai lambobi biyu a wutsiya. Wanda na gada a kujerar, Allah ya saka masa, wata rana a 2019 hannunsa ya zame ya rubuta 2091. Haka na tarar da ita, 2091061201, kuma haka na bar ta. Duk gyaran da zan yi sai in ƙara ɗaya a wutsiya in wuce. Ni da ita mun fahimci juna.

Sai aka turo mana kofa, wato ɗan bautar ƙasa, yaro mai himma da tsabtar aiki, irin wanda ke gyara wa mutum hular da ta karkace ba a tambaye shi ba. Daidai ƙarshen wata muka mayar da manhajar albashi kan sabuwar na'ura mai lamba 30 a ƙarshe, tsohuwar lambar kuma, mai 20, aka ba sabuwar firintar da aka sayo. Na ce masa ya canza lambar a fayil. Ya canza daidai. Idonsa ya kai kan 2091, ransa ya ƙi, ya mayar da ita 2023, ya rufe, ya tafi sallah da zuciya fes.

Ta ƙasa ta leƙo, ta ga babbarta tana maganar 2023 alhali ita tana 2091. A ganinta ta bene ce ta tsufa da shekara 68. Ta riƙe tsohon littafinta gam.

Ni kuma da ma na raba aiki tsakaninsu don adalci: kwamfutocin bene su fara tambayar ta bene, na ƙasa su fara tambayar ta ƙasa. Manyan ma'aikata suna bene. Direbobi, masu sito, masu rubuta rasit, duk suna ƙasa.

Washegari kafin in ajiye jakata na ji hayaniya. Duk wanda ya buɗe shafin albashi a ƙasa don ya ga takardarsa, sai shafin firinta ya fito masa, da gargaɗi cikin jan rubutu cewa tawada ta kusa ƙarewa. Shugaban direbobi, wanda bai taɓa karanta gargaɗin komai a rayuwarsa ba, ranar ya karanta, ya kuma fassara wa jama'a: asusu ya kusa ƙarewa. Wani ya hau bene da sunan kai fayil, ya leƙa allon sakatariya, ya ga albashinta ɓaro-ɓaro. Ya sauko a guje. Kafin ƙarfe goma magana ta zama cewa na sama sun biya kansu sun toshe na ƙasa, kuma Injiniya aka ba kwangilar toshewar.

Aka zo aka cika min ofis. Na buɗe a gabansu, shafi ya fito lafiya lau. Na ce, "Ga shi nan, me ya same shi?" Wannan ya ƙara hura wutar, don ya tabbatar musu da zarginsu. Hajiya ta ofishin kuɗi, wadda teburinta ke ƙasa saboda ciwon gwiwa, ita ba ta yarda da batun maƙarƙashiya ba. Ta ja ni gefe ta ce, "Ɗan nan, tun da aka shigo da firintar nan nake jin nauyi a ofishin nan. Ka san daga hannun wa aka saye ta?" Ta riga ta aiki masinja ya kira malaminta.

Na sauka sito, na tura katan-katan, na tsuguna na tambayi na'urar kai tsaye da umarnin dig. Ta ce 20. Na tambayi ta bene, ta ce 30. Na buɗe littafin da BIND, manhajar da ke aikin nuna hanya a cikin na'urar, ke rubuta abin da ya faru, ga ta nan ta rubuta ƙorafinta layi bayan layi tun jiya, cewa lambar da babba ta aiko ba ta kai tata ba. Kofa na tsaye a bayana yana leƙe. Da ya gane, ya ce a hankali, "Oga, amma fa 2091 ɗin kuskure ne." Na ce, "Ƙwarai. Kuskuren da ke riƙe da kamfanin nan ne."

Gyaran bai kai tafasar shayi ba. Umarni ɗaya, rndc retransfer, ya tilasta mata kwashe sabon fayil ko tana so ko ba ta so. Na fito ina karkaɗe ƙurar taliya na ce kowa ya gwada. Suka gwada. Tawada ta kusa ƙarewa.

Abin da ya faru shi ne kowace kwamfuta in ta samu amsa tana riƙe ta na wani lokaci don kada ta yi ta tambaya, kuma a fayil ɗinmu an rubuta daƙiƙa 86400, wato kwana ɗaya cur. Sai na bi tebur-tebur ina buga ipconfig /flushdns, umarnin da ke goge amsar da kwamfuta ta riƙe, kowa na harara ta. Ban yi nisa ba malamin Hajiya ya iso. Ya tsaya gaban firinta, ya yi addu'a, ya tofa. Yana shafawa aka ɗauke wuta. Janareta ya tashi, kwamfutoci suka kunnu, duk abin da suka riƙe ya goge, kowa ya ga albashinsa. Aka ɗau kabbara. Shugaban direbobi da kansa ya kai malam gida a motar kamfani, da katan ɗin taliya a but.

Da la'asar Alhaji ya kira ni. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, yana sauraro yana jan carbi.

"Wato saɓani suka samu."

"Kusan haka ne, ranka ya daɗe."

"To a sayo ta uku, in biyu sun yi gardama ta raba."

Na ce ai ba ƙuri'a suke kaɗawa ba, ta ukun ma lambar siriyal za ta duba. Ya yi shiru, ya ɗan kalli silin.

"To nawa malam zai karɓa a wata?"