Sharon, Galaxy da Alhambra: a daina cewa duk ɗaya ce

Wato shi wancan masanin da ya tsaya gaban kyamara yana rantsuwa cewa Sharon da Galaxy da Alhambra mota ɗaya ce, sifiya ɗaya, har yanzu bai sauke bidiyonsa ba? Madalla, Allah ya ƙara ilimi. Shi kuwa yaron da ya bi maganarsa, ya kwashe kuɗin balas ya sayo taimin bel da famfon ruwa na Sharon don Galaxy mai inji 2.3, ga motarsa can a gareji an kwance mata gaba, mai sifiya kuma ya ce kayan da aka yage wa leda ba su komawa. Jama'a, injin Ford 2.3 ba shi da taimin bel ko kaɗan. Sarƙa gare shi. An sayar wa bawan Allah bel na injin da babu inda za a ɗaura bel, aka bi shi da "Ɗauki ka tahi, dut ɗaya ta."

Ba ɗaya ba ce. Kama da wane ba wane ba ne.

Inda ruɗanin ya samo asali a fili yake. Ford da Volkswagen ne suka haɗa jari suka gina masana'anta guda a Palmela ta ƙasar Fotugal, mai suna AutoEuropa. A 1995 Volkswagen Sharan, wadda muke ce wa Sharon, da Ford Galaxy suka fito daga can, a 1996 SEAT Alhambra ta biyo baya. Layi ɗaya aka riƙa haɗa su, shi ya sa ƙofofi da gilasai da ƙafafu da kujerun nan bakwai masu cirewa ɗaya bayan ɗaya suke shiga juna. Iyakar gaskiyar masanin namu ke nan. Da ka ɗaga bonet zance ya canza.

Ford ba ta yarda ta zuba injin Volkswagen a duk motocinta ba. Galaxy mai fetur 2.0 injin Ford ne, haka mai 2.3 mai bawul 16, dangin waɗanda ke cikin Scorpio da Transit, kuma duka biyun da sarƙa suke. Sharon mai 2.0 kuwa injin Volkswagen ne mai bawul takwas, da bel. Dukansu "2.0" ake ce musu, dukansu ƙarfin doki 115, amma daga gasket har famfon ruwa har matattarar iskar da ke bakin inji babu wanda ke zama a wurin ɗan'uwansa. Inda Galaxy ta yi tarayya da Sharon a inji shi ne VR6 mai 2.8 da kuma masu shan gas, wato 1.9 TDI. Injin 1.8 mai tabo kuma ba a taɓa sa shi a Galaxy ba daga masana'anta. In ka gan shi a ciki, wani gwani ne ya dasa.

Ko a cikin Sharon ɗin kanta ba a tsira ba. A shekarar 2000 an yi wa ukun babban kwaskwarima: fitilu, bamba, dashbod, giya, duk sun canza. Injin 2.0 na kafin 2000 lambarsa ADY, famfon ruwansa a waje yake, bel na waje ke juya shi. Na bayan 2000 lambarsa ATM, famfonsa taimin bel ne ke juya shi. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. A mai ATM, ranar da za ka canza bel ka canza famfon da abin ɗaure bel gaba ɗaya, don aikin kwancewar ɗaya ne, kuma in famfon ya cije zai iya tafiya da bel ɗin. Da yawa daga waɗannan famfunan fankarsu ta ciki roba ce. Takan tsage ko ta saki sandar da take kai, sai ka ga ruwa cike a lagireto, fanka na juyawa, amma mota na tafasa da an hau hanya. Sai a ɗora wa tamostat laifi a cire shi a jefar. Mai laifin yana ciki yana hutawa.

Mai 1.8 tabo doki 150 gare shi, bawul biyar a kowace silinda, 20 ke nan. In bel ɗinsa ya tsinke a guje, fistin ya haɗu da bawul, sai sauke kan inji. Kada ka jira ya wuce kilomita 60,000 a zafi da ƙurar nan tamu, ko da takarda ta ba ka fiye da haka. Kuma ba ya son baƙin man durom na bakin titi. Zafin tabo yana dafa man banza ya zama kwalta, ya toshe rariyar da ke tsotso mai daga ƙasan inji, jar fitilar mai ta fara ƙyaftawa, daga nan sai nokin. Mai 5W-40 na gaske yake so, mai ɗauke da lambar VW 502 00.

VR6 kuwa, wanda direbobin Sakkwato zuwa Kano ke yabo saboda ja, silinda shida ne a matse ƙarƙashin kai guda. Na farko bawul 12, doki 174. Na bayan 2000 bawul 24, doki 204. Sarƙa gare shi, amma sarƙar tana ɓangaren giya, sai an sauke giyabos kafin a kai gare ta. Don haka in ka ji ƙarar kacau-kacau daga wannan gefen da safe, ka fara tara kuɗi. Gidan tamostat ɗinsa da bututun ruwan da ke bi ta gaban inji roba ne, suna tsagewa da tsufa. Wannan injin ba ya yafe tafasa.

Masu shan gas ma gida biyu ne. Na da, masu doki 90 da 110, famfon gas guda ne ke raba wa nozul. Na bayan 2000, irin mai doki 115 da 130, kowace nozul da famfonta a jiki, kamshaf ke danna su. Waɗannan sai baƙin mai mai lamba 505 01, in ba haka ba kamshaf ya cinye.

Na san abin da za a rubuto a ƙasa. "Ai bakanikenmu shekara ashirin yana wannan aiki." To, Allah ya ƙara masa ashirin, amma shekarunsa ba za su huda wa injin Ford wurin bel ba. "Ai ana kwaba wa a sa." Ana yi, mun gani: a fasa rami, a cusa wasa, a shafe da gam, a yanke soket a murɗa waya da waya. Motar za ta tashi a gareji, kowa ya yi tafi. Tambayar ita ce ina za ta tsaya. "Ai mu talakawa ne, abin da ya samu shi muke sawa." Wannan ce ma ta fi ban haushi, don talaka ne ba shi da halin sayen abu sau biyu.

Abin da ake nema bai kai minti biyar ba. Duba lambar shasi. In ta fara da WVW Volkswagen ce, VSS SEAT ce, WF0 Ford ce, ko da an canza tambarin gaba, kuma ana canzawa. A Sharon da Alhambra za ka ga 7M a tsakiyar lambar, harafi na goma kuma shi ne shekara: W 1998, X 1999, Y 2000, 1 kuma 2001. Amma kada ka tsaya nan, don yawancin motocin da ke lodi a tasha ba da injin da suka baro Turai suke yawo ba, an sauke an ɗora na Beljiyam, wani sau biyu. Sai ka nemi lambar injin kanta, haruffan da aka buga a jikin bulok, ka ɗauke ta a waya. Sannan ka ɗauki tsohon abin da aka cire ka tafi da shi shago, a ajiye su gefe da gefe, a ƙirga ramukan noti, a dubi bakin soket. Kada ka aiki yaro da baki kawai ka ce "na Sharon."

Wallahi ba don a ci mutuncin kowa ake wannan magana ba. Motar nan ita ke kai marasa lafiya asibitin koyarwa daga Illela da Tambuwal, ita ke ɗaukar ɗalibai da 'yan kasuwa zuwa Gusau da Zariya. A watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, mota ɗauke da mutum tara da buhuna a but, in ta tafasa tsakanin Tureta da Talata Mafara, kowa ya san nan ba wurin tsayawa jiran bakanike ba ne a wannan zamani. Akwai mata da jarirai a ciki.

Su kuma masu sayen Galaxy ta 2006 zuwa sama suna murna sun samu "sabuwar Sharon", ku sani tun 1999 Ford ta bar wa Volkswagen masana'antar Palmela, kuma wannan Galaxy ɗin a Genk ta Beljiyam aka fara ƙera ta, 'yar'uwar S-Max da Mondeo ce. Ko wilinta ba ya shiga tsohuwar: dukansu noti biyar, amma tazarar ramukan notin tsohuwar milimita 112, ta sabuwar 108. Sharon ta 2010 mai ƙofar ja ita ma wata duniya ce daban.

Tunda an zo kan wili, wa ya ce muku tayar Golf tayar Sharon ce? Ga 195/65 R15 a jikin duka biyun, shi ke nan an ɗaura. Ku karanta lambar da ke biye. Mai 91 kilo 615 take ɗauka, mai 95 kilo 690, kuma irin ta biyun ake sa wa Sharon tun tana ɗaukar mutum bakwai ɗinta, balle yanzu da ake ɗaure but da igiya. Akwai kuma lambobi huɗu a gefen taya, sati da shekarar da aka yi ta. Ku leƙa tasha gobe da safe ku duba na motar da za ku shiga, ku zo ku faɗa mana abin da kuka gani.