Mai Taswirar Ja, Ban Dai Kira Suna Ba

Wani dai da ya naɗa wa kansa rawanin masanin siyasar Amurka ya kwana uku yana yawo da taswirar zaɓen 2020 a Facebook. Ja, launin Trump, ko'ina; shuɗi kuwa, launin Biden, ɗan ɗigo-ɗigo a bakin teku da manyan birane. Wai ita ce hujjarsa cewa an yi wa Trump ƙwace da rana tsaka. Har da cewa mai ido ya gani da kansa.

To mun gani, ranka ya daɗe. Kallon kitse kake wa rogo.

Abin da aka shafa wa fenti a wannan taswira faɗin ƙasa ne: gonakin masara, duwatsu da makiyaya. Gaskiya ne Trump ya ci gundumomi sama da 2,500, Biden kuwa ɗari biyar da 'yan kai. Sai dai akwai gundumar Loving a Texas da ƙidayar 2020 ta samu mutum 64 a cikinta, ko sahun Juma'a ba su cika ba. Gundumar Los Angeles kuma tana ɗauke da kusan mutum miliyan 10. Jihar Wyoming da ta cika maka ido, duk faɗinta mutanenta ba su kai 600,000 ba. Da aka ƙirga kawuna, Biden ya tashi da ƙuri'a miliyan 81, Trump miliyan 74. Shanun Wyoming dai ba a yi musu rajista ba.

Abin dariyar ma, irin wannan taswira har gwanin nasa take zalunta. Trump ya samu ƙuri'a miliyan 6 a California, fiye da abin da ya samu a Texas, amma idan aka zana taswirar jiha-jiha maimakon gunduma-gunduma, sai ta shafe su duka da shuɗi kamar ba su fito ba. Wanda ya yi rinjaye ko da tazarar ƙuri'a ɗaya, launinsa ake zuba wa wurin baki ɗaya. Wannan kam malamin namu bai kai shafin ba tukuna, ƙaramin sani ƙuƙumi.

Na rubuta masa haka cikin ladabi a ƙarƙashin rubutun nasa. Kafin la'asar ya goge, ya toshe ni, ya koma yana cewa mahassada sun sa shi gaba. Ni ban ambaci kowa ba, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Hoton rubutun dai na nan a wayata, har da inda ya ce Alaska ta fi New York yawan masu zaɓe.