Kafin ka cike fam ɗin rajistar mastas a IT (fannin fasahar kwamfuta da sadarwa)

Duk lokacin da aka buɗe rajista, saƙon da ke shigo mini daga ƙanne da abokan aiki kusan iri ɗaya ne: "Yaya, wane kwas zan ɗauka?" Kuma idon kowa na kan abu biyu, ƙirƙirarriyar basira da tsaron intanet, don su ke tashe. Ni kuwa nakan tambaye su wane aikin bincike suke shirin karewa a gaban malamai ranar ƙarshe. Galibi sai a yi shiru, ko a ce ai da saura, sai an gama jarrabawa. To a ganina nan matsalar take. Aikin ƙarshe shi ya kamata ya zaɓa maka kwasa-kwasanka tun semesta ta farko.

Amma kafin nan ka san irin digirin da ka shiga. A jami'o'inmu akwai MSc, wanda ya fi karkata ga bincike, akwai kuma irin su MIT, wato mastas na ƙwarewar aiki a IT, da aka tsara don ma'aikata. Sassa da yawa ba sa ɗaukar mai digirin ma'aikata kai tsaye zuwa digiri na uku, kuma ko mai MSc ɗin akan nemi ya fita da maki kamar 3.5 cikin 5.0. Mai HND kuwa yawanci sai ya bi ta PGD, wato difilomar share fagen mastas. In burinka koyarwa a jami'a ne, ka je sashen ka tambaya da bakinka kafin ka biya kuɗi. In ƙarin girma a ofis kake nema, na ma'aikatan ya wadatar, babu abin kunya a ciki.

Mu koma kan aikin bincike. A ce kina aiki a asibiti, kullum kina ganin yadda katin marasa lafiya ke ɓata, kina son ki gina manhajar da za ta adana su. To kwas ɗin rumbun bayanai da na tsara manhaja sun zama naki na dole, ko da takarda ta ce na zaɓi ne. Kuma sai kin karanta dokar kare bayanan jama'a ta 2023, don bayanin lafiyar mutum ba abin da ake kwashewa a filash a tafi da shi gida ba ne. Izinin taɓa irin waɗannan bayanai yakan ci watanni tsakanin wasiƙar sashe da kwamitin asibiti. Wanda ya jira sai ya gama jarrabawa sannan ya fara nema, shi ne za ka tarar yana yawo da fayil shekara guda bayan abokansa sun fita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ko a ce kana son koya wa kwamfuta ta rarrabe rubutun Hausa, ta gane zagi daga barkwanci. Aiki ne mai kyau, kuma harshenmu yana buƙatarsa. Sai dai abin da ke ƙarƙashinsa ƙididdiga ce da aljabara da Python, harshen rubuta manhaja. Na sha ganin wanda ya guje wa kwas ɗin ƙididdiga don yana tsoron lissafi, ya ruga ya ɗauki na ƙirƙirarriyar basira, ƙarshe ya kwafo manhajar da wani ya rubuta daga intanet, ta nuna masa tana dacewa da amsa kashi 95 cikin 100. Ranar kariya malami ya ce ya yi bayanin yadda ya raba bayanan da ya koya wa kwamfutar da su da waɗanda ya gwada ta da su, gumi ya karyo masa. Haka tsaron intanet: wanda bai san yadda saƙo ke tafiya tsakanin kwamfuta da kwamfuta ba, me zai tsare? Kwas ɗin sadarwar kwamfutoci ba shi da kwarjini a suna, amma shi ne gindin abin.

Akwai kuma kwas ɗin dabarun bincike, wanda ɗalibai suka mayar ɗan bora. Ana shiga ne kawai don a sa hannu a takardar halarta. Alhali a nan ne za ka iya rubuta babin farko da na biyu na aikinka a matsayin aikin gida, malami ya gyara maka kyauta. Waɗanda suka yi karatu a Ingila za su gaya maka mastas ɗin can kiredit 180 ne, 60 daga ciki na aikin bincike ne kaɗai, wato kashi ɗaya cikin uku na digirin gaba ɗaya.

Sai maganar lokaci, don mafi yawanmu da aiki da iyali muke wannan karatu. Kwas mai yunit 3 yana nufin awa 3 na lakca kowane mako, ban da karatu da aikin gida da zaman gaban kwamfuta, wanda a fanninmu ya fi lakcar cin lokaci. Makin ci a wannan mataki 50 ne, ba 40 ko 45 da aka saba a digirin farko ba. Kada ka tara kwasa-kwasai uku masu rubuta manhaja a semesta guda in kana da damar rarraba su. Ka duba kalanda ka ga ina azumi ya faɗo, ina rufe lissafin ƙarshen shekara na ofis ya faɗo. 'Yan NOUN, jami'ar karatu daga gida, su ma kada sassaucin ya ruɗe su: TMA, wato aikin gida da ake ba su a semesta, maki 30 ne, jarrabawa 70, kuma wanda ya bari TMA ta wuce shi ya shiga jarrabawa da rauni. Yajin aikin ASUU kuma ba a hannunka yake ba. Na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda ya riga ya san batun bincikensa ya yi amfani da watannin nan wajen tara bayanai, wanda bai sani ba ya zauna jiran labarai.

Wasu za su ce duk wannan wahala ce, kamfani satifiket irin su CCNA na ƙwarewa a sadarwar kwamfutoci yake kallo, ga kuma shirin 3MTT na horar da mutane kan fasahar zamani da gwamnati ta fara a 2023. Akwai gaskiya a ciki, kuma ban hana ba. In kana ɗaukar kwas ɗin sadarwa, ka haɗa da karatun CCNA a semestar, don abubuwa da yawa ɗaya ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya biya kuɗin mastas sannan ya yi ta kamar gajeren horo.

Littafin sashe ma kada ka gaskata shi ɗari bisa ɗari. Sau da yawa kwas na zaɓi yana nan a rubuce, amma malaminsa ya tafi ƙaro karatu ko hutun shekara, sai a tattara kowa a tura shi wanda ke akwai. Ka nemi 'yan ajin da ke gabanka ka tambaye su waɗanne aka koyar da gaske bara, wane malami ne ke karanta babi ya dawo da shi cikin mako biyu, wane ne kuma ɗalibai suka yi masa yawa. Irin wannan malamin mai dawo da babi, in fanninsa ya yi kusa da naka, ɗauki kwas ɗinsa tun yanzu ya san fuskarka kafin a zo rabon masu duba aiki.