Babu ƙwayar cuta a garin sabulun wanki

Wasu kan tsorata idan suka ji akwai enzayim na bakteriya, wato sinadarin da ke narkar da tabo, a garin sabulu, suna zaton ƙwayoyi masu rai aka zuba. Ba haka ba ne. A masana'anta ake kiwon bakteriyar Bacillus cikin manyan tankuna, a tace, a ɗebi furotin ɗin da ta fitar kawai, wato enzayim ɗin da ake kira subtilisin. Ba shi da rai. Zare ne na amino asid (tubalan ginin furotin) kusan 275 da ya nannaɗe, ya bar ɗan lungu inda uku daga cikinsu, serin, histidin da aspatet, ke taruwa su daddatse tabon jini ko na ƙwai, sannan enzayim ɗin ya kama wani tabon. Abin da ke damuna shi ne masu jiƙa wanki da tafasasshen ruwa, domin zafin yana warware naɗin nan, enzayim ya daina aiki.