Ƙwas-ƙwas a Cikin Injin Hilux

Akori-kurata tsohuwar Hilux ce mai injin 22R, silinda huɗu, mai shan fetur. Ranar wata Laraba na tayar da ita, sai na ji ƙwas-ƙwas-ƙwas daga cikin bonet, kamar mai bin bashi a ƙofar gida. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, metal, wato siririn ƙarfen da ke hana gaɓoɓin cikin inji cin juna, ya tafi. Kafin azahar har na je Ƙofar Ruwa na tambayo kuɗin inji ɗan Kwatano, na dawo ina yi wa ragon uwargida kallon da bai gane ba.

Duk da haka na ce bari in bi ƙa'ida. Na zaro sandar awon baƙin mai: yana kan layi, fitilar mai kuma tana mutuwa da zarar inji ya tashi. Na ɗauko doguwar sukudireba, na kafa bakinta a jikin inji, ƙotar a kunnena. A murfin sama ƙarar tafet, wato masu danna bawul, ce kawai, siririya, tik-tik. Na bari ya yi zafi, na auna tazarar bawul: 0.20 na milimita a na shiga, 0.30 a na fita, daidai. Ba fistin ba ne, don shi da sanyi yake kuka, in inji ya ɗumama ya yi shiru. Ba ƙarar tayimin ba ce, wadda sai an taka totur a hawa da kaya take fitowa kamar tsakuwa a gwangwani. Tawa ko a silo, ba a taka totur ba, tana nan.

Sai gwajin fulogi. Ana cire wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya inji na aiki. In ƙarar ta ragu a wata silinda, metal ɗin konrod ɗinta, wato sandar da ke riƙe da fistin, ne ya ci. Da filaya mai roba ake cirewa. Ni da hannu na kama, ga gumi. Wutar ta bi ta gwiwar hannuna har haƙora, na yi salatin da maƙwabta suka leƙo ta katanga. Duka huɗun na cire, ƙarar ba ta canza ba. Nan ya kamata in tsaya in yi tunani, amma wanda ya riga ya yanke hukunci ba ya jin shaida.

Na tsiyaye mai lita huɗu da ɗoriya, na duba shi a rana ina neman ƙyalƙyalin ƙarfe, babu. Na kwance kaskon mai, ina tsammanin ko guntayen robar da ke riƙe sarƙar tayimin zan gani, don ciwon 22R ke nan: robar ta karye, sarƙa ta riƙa dukan murfin gaba har ta huda shi ruwa ya haɗu da mai. Kasko fes. Na buɗe konrod huɗu, metal sumul kamar jiya aka sa. Kwana biyu ina kwance a ƙarƙashin mota, na sayi sabon gasket da sabon mai, na mayar da komai, na tayar. Ƙwas-ƙwas-ƙwas.

Dole na kira tsohon bakaniken unguwarmu. Ya saurara kaɗan, ya ce, "Alhaji, ka cire fanbel ka gwada?"

Na ce, "Baba, ai wannan gwajin 'yan koyo ne."

Ya ce, "To, mu koya."

Ya sassauta bel ɗin ya zare, ya tayar da inji na rabin minti, don ba a daɗewa tunda famfon ruwa ba ya juyi. Tsit. Ya kama altaneta mai cajin batir ya girgiza, sai ga ta tana rawa a hannunsa. Ƙusar ƙasa da ke riƙe ta ce ta kwance ta faɗi, duk juyin bel sai ta ƙwala wa mazauninta. Ya laluba aljihu ya fito da wata tsohuwar ƙusa da washa, ya ɗaure da sifana, ya ja bel har ya rage ɗan lotsawa kamar faɗin yatsa.

Na tambaye shi nawa zan bayar. Ya ce ƙusar kyauta ce, amma in ajiye masa cinyar ragon in Sallah ta zo. Ashe uwargida ta riga ta ba matarsa labari.